An gayyace ni yawon mashaya na yini guda a Ingila, wai mene ne wannan riyal el ɗin?

Wani ƙaninmu ne da ke karatun digiri na biyu a Huddersfield ya turo tambaya. Ya ce 'yan ajinsu Turawa sun gayyace shi ranar Asabar, za su bi jirgin ƙasa tasha-tasha tun hantsi har dare suna ɗanɗana abin da suke ce ma riyal el, shi kuma Musulmi ne baya shan giya, amma ɗaya daga cikinsu ya ce masa ai wannan ba irin ta maye bace, abin gargajiya ne kawai. Yana son sanin mene ne abin, kuma ya zai yi da gayyatar.

To ƙanena, bari in fara da wadda tafi muhimmanci tun kafin labari yayi nisa: giya ce. Giya ce cikakkiya mai sa maye, yawancinta ƙarfinta tsakanin kashi 3.5 zuwa 5 cikin ɗari, wasu har 6 ko 7. Wanda ya faɗa maka ba ta maye bace ina ga abin da yake nufi shine su ba don su bugu suke sha ba, don ɗanɗano ne, wannan kuma niyyarsa ce, ba abin da ke cikin kofin ba.

Ni Kirista ne ɗan Kudancin Kaduna, kimiyyar abinci na karanta, kuma lokacin da nake ɗalibi nayi shekara huɗu ina aiki a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar mashaya a wannan kwarin da jirgin naku zai bi, yanzu kuma aikina kenan duba ingancin abin sha a dakin gwaje-gwaje. Don haka abin da zan gaya maka da hannuna na taɓa shi, kuma bana son a yaudare ka da sunan al'ada.

Idan ka taɓa wucewa ta gidan da ake dafa burukutu, ko da baka shiga ba, to ka riga ka fahimci rabin zancen. A ƙauyenmu maƙwabciyar kakata ita ke yi, ta jiƙa dawa ta tsira, ta shanya ta niƙa ta dafa, ta barta tayi tsami, sannan ta zuba ragowar ta jiya a ciki don ta tashi. Ranar da za a sha zaka ga tulun yana ta tsiyayar kumfa yana motsi da kansa, saboda yis ɗin da ke ciki, wato ƙwayoyin da ke sa ta tashi, bai mutu ba yana kan aiki, kuma in ta kwana biyu bata ƙare ba shikenan ta zama ruwan tsami sai zubarwa. To riyal el ita ce burukutun Bature, in ka cire dawa ka sa tsiron sha'ir, ka ƙara wani fure mai ɗaci da ƙamshi da suke kira hof. Ni giya mai rai nake ce mata. Ba a tace ta tsaf ba, ba a dafa ta an kashe yis ɗin ba, ba a hura mata iskar gas ba, haka ake ɗura ta a ganga tana da sauran aiki, sai ta je ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙasan mashaya. Wannan shine bambancinta da laga irin su Star da Gulder da kake ganin tallarsu a gida, waɗanda tun daga kamfani an gama da su, suna iya yin watanni a kwalba basu lalace ba.

Sunan ma ba tsoho bane kamar yadda mutane suke zato. Wajen shekarun 1960 manyan kamfanoni shida ne suka mamaye harkar giya a Birtaniya, suka riƙa saye ƙanana suna rufewa, suna tura wata giya tatacciya mai gas da bata lalacewa da wuri, wadda tafi shan zagi a cikinsu ita ce Watneys Red Barrel. Sai a 1971 wasu samari huɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira CAMRA don kare tsohuwar hanyar, kuma su suka ƙirƙiro kalmar riyal el, wato giya ta haƙiƙa, don su nuna waccan ta bogi ce. Ƙungiyar tana nan har yau da rassa a kusan kowane gari, shi yasa zaka ga dattijo da ɗan littafinsa a aljihu yana rubuta sunan duk wadda ya ɗanɗana yana bata maki, da gaske yake, ba wasa ba.

Aikin ɗakin ƙasa shine inda ake gane mashayar kirki, kuma nan ne raina yafi kwanciya in na tuna. Gangar da aka fi kawowa galan 9 take ci, wato fayint 72 (babban kofin da suke auna giya da shi), wajen lita 41. Ranar da mota ta kawo sai mu gangaro da su ta wata ƙofa da ke bakin titi, mu kwantar da kowacce a kan gadonta, a ɗan karkace, daga nan kuma ba mai sake taɓa ta. Ɗakin dole ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13, ba sanyin firji ba, shi yasa baƙi suke cewa Turawan Ingila giya mai ɗumi suke sha, alhali sanyin randa ne, irin na ruwan da ya kwana a tulu a inuwa. A saman gangar akwai wani toshi, sai ka ɗauki guduma ta katako ka buga masa ɗan tsinke mai laushi wanda iska ke iya bi ta jikinsa, nan take zaka ji tana huci, wani lokaci kumfa ta biyo tsinken tana tsartuwa har kwana guda ko biyu. Akwai wata giya mai suna Landlord ta kamfanin Timothy Taylor da ke Keighley, ita kam sai an yi haƙuri da ita, tafi sauran daɗewa kafin ta lafa, mai gaggawa baya iya ajiye ta. In ta lafa sai a buga famfo a gaba, da dare kuma a cire tsinke mai laushi a sa mai tauri don kar sauran iskar ta gudu ta zama lami.

Akwai abu ɗaya da mutane da yawa basu sani ba, har cikin masu shan. Abin da ke sa ta washe tayi garau ba tacewa bace, wani ruwa ne mai yauƙi da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, ana zuba shi a gangar, sai ya kama yis ɗin ya ja shi ƙasa ya kwanta. Shi yasa aka hana motsa ganga. Na taɓa gani wani sabon yaro ya ja wata da ta riga ta kwanta don zai share ƙarƙashinta, ranar Juma'a da yamma, abin da ya fito a famfo kamar ruwan gasara, mai gidan bai yi faɗa ba ya dai juya alamar da ke jikin famfon ya ce sai gobe, kuma sai goben ta sake washewa.

Daga ranar da aka fara ja kuma agogo ya fara, domin duk fayint ɗin da ya fita iska ce ke shiga ta maye gurbinsa, kwana uku in bata ƙare ba ta fara juyawa. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa sai na ja kaɗan daga kowane famfo in ɗaga kofin a hasken taga in shinshina. In naji warin ruwan tsami irin na kanti to ƙwayoyin cuta sun shiga, in naji kamar man shanu bata gama nuna ba, in naji kamar jiƙaƙƙen kwali iska ta cinye ta. Bututun da ke kai ta sama kuma duk sati sai an wanke. Famfon nan dogo mai hannu da zaka ga mai sayarwa yana ja da ƙarfi, ba ado bane, da shi ake zuƙo ta daga ƙasa kamar famfon tuƙa-tuƙa, kuma a arewacin Ingila suna ɗaura wani ɗan murfi mai ƙananan huji a bakinsa don kumfar ta fito da kauri kamar kindirmo, 'yan kudu kuma basa so, wannan gardama ce da ba zata ƙare ba.

To kaga dalilin yawon kenan. Tunda abin yana da rai, giya ɗaya daga kamfani ɗaya sai ta bambanta daga wannan gida zuwa wancan gwargwadon hannun mai kula da ita, ga kuma ƙananan kamfanoni barkatai kowa da tasa, akwai mayil mai duhu marar ƙarfi, akwai bita wadda ita ce ta yau da kullum, akwai fota da sitawut baƙaƙe masu ƙamshin gasasshen hatsi, akwai IPA mai ɗaci sosai. Mai son abin da gaske rabin fayint yake saya ko ma sulusi, ya fara da marar ƙarfi ya ƙare da mai nauyi, ya ci abinci a tsakani, kuma yana da damar cewa a ɗan ɗiga masa ya ɗanɗana kafin ya biya.

Hanyar da 'yan ajinku suke nufi na santa kamar tafin hannuna, layin dogon da ya ratsa duwatsun Pennine ne tsakanin Manchester da Leeds, ana farawa daga Stalybridge a ƙare a Dewsbury ko Batley, ko a juya. Abin da ya sa ta shahara shine mashayun suna cikin tashar ko dab da ita. Ta Stalybridge a kan dandamalin jirgin take, tun 1885, da teburin marmara da murhun wuta da tsofaffin allunan jirgi a bango, kuma an santa da wani dafaffen baƙin wake da ake zuba wa ruwan tsami, lokacin sanyi ba abin da ya kai shi. Daga nan Greenfield, sai jirgi ya shige ramin Standedge wajen mil uku cikin duhu ya ɓullo Marsden, ƙauye ne a gindin duwatsu, nan akwai mashayar Riverhead a bakin rafi wadda a ƙarƙashin ginin suke dafa tasu, kuma sunayen madatsun ruwan yankin suka sa wa giyoyin, wai iya tsayin madatsar a kan dutse iya ƙarfin giyar. Sai Slaithwaite, wanda 'yan garin Silawit suke cewa, in ka karanta shi yadda aka rubuta nan take sun san baƙo ne. Huddersfield kuma ka fini sani yanzu, ginin tashar nan mai ginshiƙai da gunkin tsohon firayim minista Harold Wilson a gabansa, mashaya ɗaya a kowane gefe. Sai Mirfield, sai Dewsbury inda aka mayar da tsohon ɗakin jiran jirgi mashaya.

Gaskiya ranar Talata ko Laraba wuri ne mai daɗi, tsofaffin ma'aikatan masaƙa da karnukansu a gindin wuta, ba kiɗa ba hayaniya. Amma ku Asabar za ku je, kuma Asabar wani abu ne daban. Tun da aka nuna hanyar a wani shirin talabijin na BBC a 2009 sai ta zama wurin zuwan gungun samari da 'yan mata masu shagalin kafin aure, da kayan ban dariya a jikinsu, waɗanda ba ruwansu da ɗanɗano, buguwa suka zo yi. Mutanen Marsden da Slaithwaite sun sha kuka da fitsari a ƙofar gidajensu da mutane masu tsallaka layin dogo, har ta kai wasu mashayun suka daina sayar da laga da barasa mai zafi a ranar Asabar don su rage su, 'yan sandan jirgin ƙasa kuma suka riƙa tsayuwa a tashoshin. Ni na yi aikin waɗannan Asabar ɗin. Ƙarfe 12 kowa mutumin kirki ne yana ce maka don Allah da na gode, ƙarfe 6 kuma zaka ga mutumin nan dai an riƙe shi mutum biyu. Wata rana wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya zauna a bayan mashayarmu cikin ruwan sama, abokansa sun hau jirgi sun manta da shi, wayarsa ta mutu, jikinsa ya yi sanyi ƙalau baya iya faɗin sunan unguwarsu, sai da muka lulluɓe shi da bargo muka kwantar da shi ta gefe don kar amai ya shaƙe shi har motar asibiti ta zo. Har yau in naji an ce ai ɗanɗano ne kawai shi nake tunawa.

Lissafin ma a fili yake. A Birtaniya suna auna barasa da abin da suke kira yunit, wato mililita 10 na zallarta. Fayint ɗinsu mililita 568 ne, in giyar mai kashi 4 ce ya kama yunit 2.3 kenan. Tasha takwas, fayint ɗaya a kowacce, yunit 18 da ɗoriya a yini guda, alhali shawarar likitocin gwamnatinsu tun 2016 ita ce kar mutum ya wuce 14 a sati gaba ɗaya. Ko rabi-rabi mutum ya sha ya kai 9. Hanta kuma kusan yunit ɗaya take iya narkarwa a awa, ba kofi ba wanka da zai sa tayi sauri, shi yasa da yawa washegari da safe suke tuƙi suna zaton sun warware alhali basu warware ba. Abin da ke ƙara tura mutane kuma shine al'adar zagaye, kamar adashe, mutum ɗaya ya saya wa kowa, na gaba ya saya wa kowa, in ku takwas ne kofi takwas kenan, kuma saurin wanda yafi kowa sauri ake bi, ga jirgi a ƙananan tashoshin kusan awa-awa yake tsayawa, sai kaga ana ɗaga kofi ana shanyewa a tsaye don kar a rasa shi.

Yanzu kai. Hukuncin addini ba fagena bane, malaminka zaka tambaya, amma na zauna da Musulmi tun ina yaro, na san ba shan kaɗai aka hana ku ba, akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagaya giya a kai, da wanda ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Don haka kar kowa ya ce maka kurɓi ɗaya ba komai. In ni ne a matsayinka wannan tafiyar ba zan je ba. Ba irin zaman awa ɗaya bayan lacca bane da mutum zai riƙe lemonsa ya gaisa ya tafi, wannan awa tara ko goma ce da giya ce kaɗai dalilin fitar, kuma daga tasha ta huɗu hirar ma bata da sauran ma'ana ga wanda yake cikin hankalinsa, kai zaka koma mai riƙe jaka da tsare wanda zai faɗi, ga azahar da la'asar da magariba duk za su same ka a hanya ba wurin alwala mai tsafta.

Kuma kar kaji tsoron za su ƙi ka. Wannan ita ce damuwar da nake gani a ƙarƙashin tambayarka, kuma na san ta, baƙunta akwai kaɗaici musamman watannin farko da duhu ke yi tun ƙarfe huɗu. Bature a wannan yankin in ka ce masa na gode da kuka tuna da ni amma bana shan giya kuma bana zaman wurin, addinina ne, magana ta ƙare, zai ce ba damuwa kuma har ransa ba damuwar. West Yorkshire cike take da Musulmi, sun saba, a Dewsbury ɗin da za su ƙare ma akwai babban masallacin Markaz na 'yan Tablig a unguwar Savile Town. Abin da basa so shine ka ce zaka zo ka ƙi zuwa, ko ka riƙa kawo uzurin ƙarya kowane sati, wannan ne ke sa su daina kiranka.

Amma tunda zaka daɗe a ƙasar, kuma wata rana wani taron sashenku ko cin abincin ƙarshen shekara zai iya faɗawa a irin wurin nan, ga tarkunan da na sha ganin 'yan'uwanmu suna faɗawa ba da saninsu ba. Shandi ba lemo bane, rabinsa giya ce aka haɗa da lemo. Abin da suke kira saida ba ruwan tuffa bane, giyar tuffa ce kuma sau da yawa tafi giyar sha'ir ƙarfi. Jinja biya, wato lemon citta, yawanci ba barasa a ciki amma akwai masu ita, irin Crabbie's, sai ka karanta kwalbar. Giyar da ake cewa an cire mata barasa wata 0.0 aka rubuta, wata kuma 0.5, ba ɗaya bane, kuma ko ita malamai suna da magana a kai. Abinci ma haka, soyayyen kifin mashaya sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar, fayin naman shanu da giya ake dafa miyar cikinsa, ɗan abin taunawa mai ƙaras-ƙaras da ke cikin leda a bayan kanta fatar alade ce, baƙin tsiran nan na karin kumallo kuma jini ne. Ka tambaya kai tsaye, za su faɗa maka gaskiya, sun saba da tambayar abin da ke cikin abinci. Mafi sauƙi ka ce laim da soda, wato lemon tsami da soda, ko ruwan lemu, ko shayi, kuma a kanta ake zuwa a saya a biya, ba mai zuwa teburinka.

In kuma kwarin kake son gani, kuma ya cancanci gani, ka ce wa biyu ko uku daga cikinsu ku je Marsden wata Lahadi da safe, minti goma sha wani abu ne daga Huddersfield a jirgi. Ku bi gefen magudanar jiragen ruwa zuwa bakin ramin Standedge na ruwa, wanda aka buɗe a 1811 kuma babu wanda ya kai shi tsawo a Birtaniya, ku hau dutse ku ga madatsun nan da aka sa wa giyoyin sunansu, ku sauko ku sha shayi a ƙauyen. Ka duba jadawalin jirgi tun daren Asabar don ana ta aikin gyaran layin, wasu ranakun bas ake sa mutane, sannan ka sa takalmi mai rufi da rigar ruwa ko da ka ga rana ta fito, saman dutsen nan iskarsa ba irin ta cikin gari bace.